Wa Zai Lura In Baba Bai Fito Ba?

Akwai wani dattijo a cikin 'yar ikkilisiyarmu ta masu jin Hausa a nan Libreville, wanda kowa yake kira Baba. Mutumin ƙasar Zazzau ne. Ya zo Gabon yana saurayi, a shekarun da kuɗin man fetur ya cika ƙasar, ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Transgabonais, ana kuma gyara birnin domin taron shugabannin Afirka na 1977. Ya yi leburanci, ya yi dako a kasuwar Mont-Bouët, daga baya ya kama aikin gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta rasu a nan, a nan kuma aka binne ta. 'Ya'yansa biyu ne: namijin yana aiki a Port-Gentil, macen tana aure a Kaduna.

Kowace Lahadi Baba yakan zauna a benci na biyu daga baya, kusa da taga. Bayan sujada nakan gaishe shi. "Baba, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya, Malam." "Yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Haka muka yi shekara da shekaru, ni kuwa ina ganin na san halin da yake ciki.

A daminar da ta wuce, Lahadi biyu suka shige wurin zamansa ba kowa, ban kuwa lura ba. Ashe kuɗin tasi ne ya ƙare masa, kunya ta hana shi faɗa. Sai zazzaɓi ya biyo baya, ya faɗi a ɗakinsa ya kasa tashi. Wanda ya lura shi ne mai shayin bakin titi, wani Musulmi mutumin Maraɗi, inda Baba yake sayen burodi kowace safiya. Da ya ga safiya biyu bai fito ba, sai ya bar teburinsa ga yaronsa, ya gangara kwari, ya tura ƙofa. Ya same shi kwance a ƙasa, ko ruwan sha ba ya iya kaiwa gare shi. Shi ya ɗauke shi zuwa asibiti, shi ne kuma ya nemo ni.

Kunyar da na ji a ranar nan ba ta sake ni ba har yau. Ni ne katikis, aikina ne ziyarar marasa lafiya, amma mai shayi ya riga ni.

Bayan Baba ya warke, na kai shawara gaban dattawan ikkilisiya. Na ce mu rubuta sunayen dukan tsofaffinmu, mu je gidan kowannensu, mu bincika wa yake da mai duba shi, wa kuma ba shi da kowa. Na zaci za a amsa da amin. Amma wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya ce, "Malam, tun yaushe aka fara auna zumunci da mudu? Za ka shiga ɗakin sa'an ubanka da takarda da biro, kana tambayarsa mutum nawa ne suke ƙaunarsa? Wannan ai tonon asiri ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, gama akwai gaskiya a cikinta. Ita ce tambayar da nake so mu duba tare, ya kai mai karatu: shin daidai ne a auna yawan mutanen da tsoho yake da su? In kuwa daidai ne, ta yaya za a yi ba tare da an tuɓe masa rigar mutunci ba?

Tsufa a baƙunta

A ƙauyen da na tashi ba wanda yake bukatar auna komai, domin tsarin gida kansa yana yin awon. Tsoho yana zaune a zaure, duk mai shiga da mai fita sai ya durƙusa ya gaishe shi. Jikoki suna kai masa tuwo da dare. In akushi ya komo ba a taɓa ba, kafin a kwanta gidan duka ya sani Baba ba shi da lafiya. Ba takarda, ba biro, amma idanu da yawa suna kansa.

A nan Gabon abin ya sha bamban. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen ƙasar sun kai kimanin miliyan 1.8, kuma wajen 700,000 daga cikinsu a Libreville suke. Kusan mutum tara cikin goma a birane suke zama. Talaka yakan kama hayar ɗaki ɗaya na katako a cikin kwarurrukan da ake kira matiti ko mapane, a unguwanni irin su Akébé da Kinguélé. Daga titi sai an gangara ta siririyar hanya. Ruwan sama kuwa yakan ɗauki wajen wata takwas, daga Oktoba zuwa Mayu. Saurayi yana tsallake taɓon nan da gudu. Ga mai shekara 70 da ciwon gwiwa, gangaren nan katanga ce.

Sa'an nan ga harshe. Yawancin dattawanmu Faransancin kasuwa kaɗai suka iya, wanda ya isa ciniki amma bai isa a bayyana wa likita inda yake ciwo ba. Maƙwabta suna magana da Fang ko Punu ko Nzebi. Jikokin da aka haifa a nan kuma Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Ga kuma batun abin hannu. Fansho na wanda ya yi aikin albashi ne aka yi masa rajista. Mai dako da mai gadin gidan wani da mai tallan yadi ba su da shi. A 2007 gwamnati ta kafa hukumar inshorar lafiya ta CNAMGS, wadda take da asusu na musamman domin masu ƙaramin ƙarfi, abin yabo ne kuwa. Amma asusun nan na 'yan ƙasa ne. Baƙon da ya tsufa a nan yana ɗauke da katin zama, wanda ake sabuntawa da kuɗi, in ya mutu a hannunsa sai tsoho ya riƙa jin tsoron fita ko da zuwa asibiti ne. Sa'o'insa da suka zo tare, waɗansu sun koma gida a farkon 1995 lokacin da aka tsananta dokar zaman baƙi dubbai suka bar ƙasar, waɗansu sun rasu. Kowace jana'iza tana rage masa mutum ɗaya da ya san sunan garinsu.

Kada mu zaci mu baƙi kaɗai abin ya shafa. 'Yan ƙasa ma suna fama da shi. A Melen, a gefen birni, akwai cibiyar kula da lafiyar tsofaffi. Gabon ce kuma ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a Disamba 2010, ta keɓe 23 ga Yuni ta zama ranar gwauraye ta duniya, saboda yadda dangin miji sukan ƙwace gida da kaya su bar mace tsohuwa a waje.

Kaɗaici iri biyu

Kafin mu yi maganar awo, sai mu san abin da ake aunawa. Kaɗaici iri biyu ne. Na fari shi ne rashin mutane: ba mai shigowa, ba mai kira, ba wanda za a aika. Wannan ana iya ganinsa daga waje, ana iya ƙirga shi. Na biyu shi ne kaɗaicin zuciya: mutum yana jin ba wanda ya san shi, ko ya damu da shi. Wannan mai shi kaɗai ya san nauyinsa.

Biyun nan ba kullum suke tafiya tare ba. Na san wata tsohuwa da take zaune ita kaɗai a ɗakinta, amma daga safe har dare mata suna shiga suna fita, wannan ta kawo jariri a duba mata, waccan ta zo neman shawara. Na kuma san wani dattijo da yake zaune a gidan ɗansa, mutum goma sha ɗaya a gidan, ana ba shi abinci a kan lokaci, amma yakan yini ba wanda ya ce masa kome sai "ga abincinka." Idanun kowa suna kan talabijin ko wayar hannu. Wanda ya ƙirga kawunan mutanen gida kaɗai zai ce tsohuwar ce take cikin hatsari, dattijon kuwa lafiya. Zai yi kuskure sau biyu.

Abin da masana suka gano

Da ina tsammani kaɗaici baƙin ciki ne kawai. Ashe yana rage kwana. A 2010 wata masaniya a Amurka mai suna Julianne Holt-Lunstad, tare da abokan aikinta, suka tattara bincike 148 da aka yi a kan mutum fiye da 300,000. Suka ga waɗanda suke da ƙaƙƙarfar dangantaka da mutane sun fi sauran damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su. Suka ce illar rashin mutane ta yi kusa da illar shan taba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ba shi da kowa ba a tuna masa da maganin hawan jini. Ba ya dafa abinci domin bakinsa kaɗai. In ya faɗi, yakan daɗe kafin a same shi. In ya fara gigin tsufa, ba mai cewa a kai shi asibiti, wani lokaci ma sai a ce maita ce, a ƙara gudunsa. Damuwar da ba ta da wurin sauka kuma tana cin jiki a hankali.

A Yuni 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan wannan al'amari. Ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta mutuwar kimanin mutum 871,000 kowace shekara da shi. Ta ce rashin mutane yana iya shafar tsoho ɗaya cikin uku. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a ƙasashe matalauta kimanin kashi 24 cikin ɗari ne suka ce suna jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kimanin kashi 11. Mun daɗe muna cewa wannan cutar Turawa ce, mu muna da zumunci. Lissafin bai goyi bayanmu ba.

Turawan ma da wahala suka koyi darasin. A Agusta 2003 aka yi tsananin zafi a Faransa, mutum wajen 15,000 suka mutu, yawancinsu tsofaffi, da dama a cikin ɗakunansu su kaɗai. A birnin Faris an binne gawa fiye da 50 da ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Bayan haka, a 2004, aka yi doka cewa kowane magajin gari ya ajiye rajistar tsofaffi da naƙasassu domin a riƙa tuntuɓarsu in hatsari ya taso. Mu lura da abu ɗaya a dokar nan: da yardar mutum ake sa sunansa. A 2018 kuma Ingila ta naɗa minista mai kula da batun kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021.

Tambayoyi shida

Ma'aikatan jinya suna da ma'aunai da suke amfani da su. Wanda ya fi sauƙi shi ne na wani malami Ba'amurke, James Lubben, wanda ya fito da shi a 1988, daga baya aka taƙaita shi zuwa tambayoyi shida. Uku a kan dangi ne, uku a kan abokai da maƙwabta. Ana tambayar tsoho: mutum nawa kake gani ko kake jin muryarsu aƙalla sau ɗaya a wata? Mutum nawa za ka iya faɗa wa asirinka hankali kwance? Mutum nawa za ka iya kira in kana bukatar taimako? Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 5. Jimla ba ta wuce 30. Wanda makinsa ya gaza 12, ana cewa yana cikin hatsarin keɓewa.

Hikimar ma'aunin nan ita ce ya raba gani da amana da taimako. Mutum yana iya ganin mutum hamsin kowace Lahadi, ba ko ɗaya a cikinsu da zai gaya wa cewa kuɗin tasi ya ƙare. Halin Baba ke nan, ni kuwa ina cikin hamsin ɗin.

Amma in aka ɗauko tambayoyin nan aka karanta wa dattijon Bahaushe kamar yadda suke, amsar da za a samu ba ta da amfani. Tambayi Baba 'yan'uwa nawa zai iya kira, zai ce maka suna da yawa, Allah ya yi musu albarka. Ba ƙarya yake nufi ba. Yana rufa wa 'ya'yansa asiri ne, gama a wurinmu cewa "ɗana ba ya nemana" ya fi yunwa ciwo. Bugu da ƙari, ma'aunin yana lissafa muryar waya daidai da zuwa da ƙafa. 'Yar da take Kaduna tana iya kira kowane mako, amma ba za ta iya ɗaga shi daga ƙasa ba. Mai shayi kuwa, wanda ya ceci ransa, da ƙyar Baba zai tuna ya ambace shi cikin abokai.

Saboda haka ni na mai da tambayoyin hira. Nakan ce, "Baba, jiya wa ya leƙo ka?" Nakan ce, "Rabonka da jin muryar yaron nan na Port-Gentil tun yaushe?" Nakan ce, "Ranar da zazzaɓi ya kama ka da dare, ƙofar wa za ka buga?" Tambayar da take neman suna da rana ta fi tambayar da take neman adadi, domin ana iya cewa "suna da yawa," amma ba a iya ƙirƙiro sunan wanda bai zo ba. Sauran kuma ido ne yake amsawa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai ruwa a bokiti? Murhu ya ga wuta yau? Kwalin magani cike yake ko wofi? Hanyar ƙofarsa akwai sawun mutane?

Amsa ga dattijon da ya ƙi

Yanzu bari in koma ga maganar dattijon nan, gama ta cancanci amsa.

Ya ce ba a auna zumunci da mudu. Gaskiya ne, ba mai iya auna ƙauna. Amma da na yi tunani sai na ga abin da muke aunawa sakacinmu ne. Makiyayi yana ƙirga garkensa da yamma, ba wanda ya ce ya raina shanunsa. Uwa tana ƙirga kwanoni kafin ta raba tuwo domin kada wani yaro ya kwana da yunwa. A zaure ba a bukatar ƙirga domin kowa yana gaban ido. Inda mutane suka warwatsu daga Nkembo har PK12, zuciya mai kyau kaɗai ba ta isa ba, domin zuciya takan tuna da wanda take gani ne. Mai surutu da mai 'ya'ya masu kuɗi ba a manta su. Mai kunya da yake zama a bencin baya shi ne yake ɓacewa.

Wannan ba sabon abu ba ne a cikin ikkilisiya. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a Urushalima domin ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci na kowace rana. Ba a ce an yi haka da mugunta ba. Harshensu dabam ne, sai aka manta da su, kamar yadda tsohon da yake jin Hausa yake iya ɓacewa a cikin taron masu Faransanci. Manzanni ba su tsaya ga wa'azi a kan ƙauna ba, sai da aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. A 1 Timoti sura 5 kuma mun ga akwai jerin sunayen gwauraye, da sharaɗin shekara 60, da umarni a bambanta wadda take da 'ya'ya ko jikoki da wadda ba ta da kowa, domin taimako ya kai ga mai bukata ta ainihi. Wajen shekara ta 251 Karniliyus, bishop na Roma, ya rubuta cewa ikkilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Da bai ƙirga ba, da bai sani ba.

Mu kuma duba maƙwabtanmu Hausawa Musulmi, waɗanda kakanninsu suka shigo ta Kamaru da fatauci suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul tun zamanin Turawan mulki. Suna haɗuwa a masallaci sau biyar a rana. Dattijon da ba a gani a sahun Asuba ba, kafin Azahar an aika a dubo shi. Mu sau ɗaya muke haɗuwa a mako, wani ma sai ya shiga tasi biyu. Kwana bakwai sun isa mutum ya mutu a ɗaki. Abin da tsarin ibadarsu yake yi musu ba tare da shiri ba, mu sai mun shirya shi da gangan.

Amma a kan tonon asiri, dattijon ya fi ni gaskiya, na kuma faɗa masa haka. Sanin rauni na mutum iko ne a kansa. In aka miƙe a majami'a aka ce, "Mu yi addu'a domin Baba wane, wanda 'ya'yansa suka yashe shi," an ba shi buhun shinkafa an karɓe mutuncinsa, cinikin kuwa bai yi ba. Don haka muka yarda a kan sharuɗa. Ba a sa sunan kowa sai da yardarsa. Ba a shiga da takarda, sai bayan an fito a rubuta abin da ya wajaba kaɗai. Littafin yana hannun mutum biyu, ni da shugabar Zumuntar Mata. Namiji dattijo ne yake zuwa wurin namiji, mace wurin mace. Ba a zuwa hannu wofi, ba a kuma zuwa da gaggawa. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi, a ci gaba da gaishe shi kamar da.

Hatsarin da ban hango ba

Akwai wani hatsari na uku da ba wanda ya faɗa a taron, sai da muka faɗa ciki. Da muka gane halin Baba, tausayi ya kama mu, nan da nan muka yanke shawara: a tara kuɗi a mai da shi gida. Matasa suka fara karo-karo, aka kira 'yarsa, aka tambayi kuɗin jirgi. Kowa yana murna da alherin da muke yi. Mutum ɗaya ne ba a tambaya ba.

Da na kai masa labari, ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, wane gida? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗanda suka san ni a can suna ƙarƙashin ƙasa. Gonar ubana an raba tun ina da baƙin gashi. In na je zan zama baƙo a ɗakin surukina. A nan kuwa kabarin matata yake, a nan mai shayi ya san sunana."

Ashe mun auna kaɗaicinsa daidai, sa'an nan muka shirya ninka shi. Wanda ya gano rashin wani yana saurin ɗauka cewa shi ne ya san maganinsa. Amma tsoho ba yaro ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga wani dattijo komawa gida shi ne daidai, mun kuma taimaki wanda ya nemi haka. Ga Baba ba haka ba ne. Awon yana nuna mana wanda za mu je wurinsa mu zauna, amma abin da za a yi, daga bakinsa ya kamata ya fito.

Nauyin wa ne?

Nauyin farko na 'ya'ya ne, kada ikkilisiya ta sauke musu shi. Na kira ɗan Baba, ban zarge shi ba, na dai gaya masa abin da ya faru. Ya yi kuka. Yana aiko da kuɗi ta waya in ya samu, yana tsammani ya cika hakki, uban kuwa kullum yana ce masa lafiya lau. Ya ku 'yan'uwana da iyayenku suke nesa, kuɗi yana sayen magani, amma ba ya lura cewa ba a sha maganin ba. Ku nemi lambar maƙwabcin da yake ganinsu kowace rana, ku san sunansa, ku gaishe shi.

Na biyu shi ne maƙwabci, ko wane ne addininsa, ko wace ce ƙabilarsa. Na uku ikkilisiya, wadda aikinta shi ne ta ɗinke waɗannan duka, ta kuma tsaya a madadin dangi ga wanda ba shi da su. Hukuma tana da nata rabo wajen asibiti da fansho da doka, ya kamata kuma mu riƙa tuna mata. Amma ba hukumar da za ta san cewa safiya biyu ba a sayi burodi ba.

Ga abin da muka shirya tare da Baba, da yardarsa. Mai shayi yana da lambata, in safiya ɗaya ta wuce bai gan shi ba zai kira ni. Mata biyu na Zumunta suna zuwa ran Laraba. Wani saurayi mai tasi yana ɗauko shi ran Lahadi. Ɗansa yana kira kowace Lahadi da yamma. Kuɗin jirgin da aka tara, da izinin waɗanda suka bayar, aka sabunta masa katin zama aka biya hayar wata shida.

Baba kuwa ya kafa nasa sharaɗi. Ya ce ba zai zauna ana kawo masa kawai ba. Yanzu bayan sujada yana tara yaran da aka haifa a nan yana koya musu karatun Hausa, da tatsuniya, da yadda ake gaida manya. Daga nan na koyi cewa tambayoyina suna da giɓi. Ina tambaya wa yake taimakonsa, ban taɓa tambaya wa yake bukatarsa ba. Tsohon da ake ciyarwa amma ba a neman komai a wurinsa, rabin kaɗaicinsa yana nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ya mai karatu, ko kana Libreville ko Kano ko Maraɗi, ga abin da nake roƙonka. Ka zauna yau ka tuna da tsofaffin da suke cikin ikkilisiyarku da unguwarku, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. A kan kowanne ka tambayi kanka: in bai fito gobe ba, wa zai lura, kuma bayan kwana nawa? In ka san amsar, ka gode wa Allah, ka kuma gode wa mutumin. In ba ka sani ba, kada ka jira Lahadi. Zumunta a ƙafa take. Ka je da goro ko burodi, ka zauna, kada ka karɓi "lafiya lau" ta farko ka tashi.

Littafinmu yanzu yana da suna goma sha huɗu. Na ƙarshe a ciki shi ne dattijon nan da ya ce ba a auna zumunci da mudu. Shi da kansa ya zo ya same ni bayan an yi wa matarsa jana'iza, ya ce, "Malam, rubuta ni, amma kada ka zo da biro." Allah ya ba mu idon lura da iyayenmu tun suna da rai, ya kuma ba mu masu lura da mu sa'ad da namu ƙarfin ya ƙare. Amin.